Tafarkin Haske: Maƙalar 1992 da Zuriyarta

A ƙarshen shekarun 1980 injiniyoyin sadarwa sun wayi gari da wadatar da ba su san yadda za su raba ta ba. Zaren gilashi ya kai matsayin da ake iya tura launukan haske da dama a cikinsa lokaci guda, kowane launi da nasa kayan. A 1987 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila da ɗakunan binciken Bell a Amurka suka samar da na'urar da ke ƙara wa hasken ƙarfi ba sai an mai da shi lantarki ba. Hanya ta buɗe. Saura tambayar wane saƙo zai bi ina, kuma da wane launi.

A 1992 Imrich Chlamtac da Aura Ganz da Gadi Karmi suka wallafa maƙala a wata mujallar ƙungiyar IEEE, inda suka yi bayanin abin da suka kira tafarkin haske: layi guda daga gari zuwa gari, ba sauke kaya a tsakani. Sharuɗɗansa biyu ne. Launin da saƙo ya tashi da shi, da shi zai isa. Sannan tafarkai biyu da suka haɗu a zare ɗaya ba za su yi launi ɗaya ba. Suka nuna cewa wannan ita ce tsohuwar matsalar nan ta masana lissafi, ta raba launuka tsakanin maƙwabta yadda babu biyu da za su yi anko, matsalar da har yau ba a san wata hanya mai sauri da ke warware ta daidai a kowane hali ba.

A nan tasirin maƙalar yake. Ta ɗauke batun daga hannun masu walda zare ta miƙa wa duk mai allo da kwamfuta. A 1995 Rajiv Ramaswami da Kumar Sivarajan suka lissafa iyakar kayan da kowace dabara za ta iya ɗauka, aka sami ma'aunin gwada dabaru. Littafinsu na 1998 ya zama na koyarwa a jami'o'i. A 2002 Keyao Zhu da Biswanath Mukherjee na Jami'ar California a Davis suka dubi wata asara: launi guda yana ɗaukar gigabit 2.5 ko 10 a daƙiƙa, alhali mai saye sau da yawa megabit 155 yake nema. Wato tirela ce aka tasa da buhu ɗaya. Aikinsu a kan haɗa ƙananan lodi ya zama reshe mai zaman kansa. Ko da Masahiko Jinno da abokansa a kamfanin NTT na Japan suka ba da shawara a 2009 cewa a daina yanka haske kashi-kashi daidai wa daida, hukumar ITU kuma ta shigar da hakan cikin ƙa'idarta a 2012, tambayar 1992 ce ta dawo da ƙarin sharaɗi: gurabun saƙo ɗaya su kasance a jere.

Sai dai gadon ya zo da aibinsa. Yawancin waɗannan bincike a kan taswirori ƙalilan ake gwada su, fitacciya cikinsu ita ce ta NSFNET ta Amurka, mai tashoshi 14 da layuka 21. An rufe wannan hanyar sadarwa tun 1995, amma taswirarta na nan tana yawo a maƙalu, don tana sauƙaƙa kwatanta sakamako. A cikinta kowace tasha tana da mafita fiye da ɗaya, saboda haka dabarar karkata lodi kullum tana da inda za ta karkata. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, domin babbar hanya da madadinta duk a bakin teku ɗaya suke kwance.