Sunan Mamaci: A Dutse ko A Baki?

A tsohuwar Masar babban ma'aikacin fir'auna yakan sa a sassaƙa siffarsa da dutse, a zana sunansa da sarautunsa a jiki, tare da roƙon gurasa da giya da shanu domin kurwarsa. Senenmut, wakilin gidan sarauniya Hatshefsut, ya bar gumaka fiye da 20. Manufa ɗaya ce: mai wucewa ya ambaci sunan, domin a ganinsu wanda ake ambato bai mutu ba.

Sai dai rubutun nan baƙaƙe yake riƙewa, ba ya nuna wasula. Tun da Champollion ya warware shi a 1822 ake karanta sunayen, amma lafazinsu sai kirdado. Kalmar da suke rubutawa m-w-t 'yar'uwar "mutu" ce ta Hausa, saboda harsunan biyu dangi ne, amma muryarta ta tafi da masu ita.

A yankin kogin Kwara abin ya rabu biyu. A Bura, inda Bube Gado ya yi tono a 1983, an sami gumakan yumɓu bisa tulunan kushewa, babu rubutu. A Gawo-Sane kuwa, a 1939, an gano duwatsun marmara na farkon ƙarni na 12 ɗauke da sunayen sarakuna da Larabci, babu gunki.

Ƙasar Hausa ta bi wata hanya dabam. A Dawce, kamar sauran garuruwan Matamai, kabari tudun ƙasa ne kawai. Bayan 'yan damuna sai ya baje. Sunan Galadima ko Ciroma a bakin maroƙa da makaɗan fada yake zaune, cikin kirari da jerin sarauta. Daga irin bakunan nan Landeroin, tafintan ayarin Tilho na 1906 zuwa 1909, ya ɗebo tarihin Damagaram, ya juya shi da Faransanci. Labari ya tsira, lafazi ya salwanta.

A nan akwai jan kunne ga masu tsara yaƙi da jahilci. Boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ajami kuma ba ya nuna kari. Alhali a kansu take da kirari suka dogara. Duk kirarin da aka rubuta ba tare da ɗaukar murya da alamta kari ba, zai iske jikoki kamar yadda sunan Senenmut ya iske masana: ƙashi babu tsoka. Dutse yana jiran mai karatu shekara dubu uku. Tsohon maroƙi ba ya jira.