Iyayen da Aka Binne da Ransu: Nazari kan Ƙagaggun Labaran Jiragen Marayu na Amurka

Daga 1854 zuwa 1929 an kwashi yara kimanin 200,000 daga biranen gabashin Amurka, musamman Niyok, aka loda su a jiragen ƙasa zuwa garuruwan manoma na yamma domin a samar musu gidajen riƙo. Wanda ya assasa shirin wani limamin coci ne, Charles Loring Brace, da ya kafa ƙungiyar agajin yara ta Children's Aid Society a 1853. Ayarin farko ya sauka a Dowagiac ta jihar Michigan. Yadda ake yi shi ne a jera yaran a coci ko a zauren taro, manoma su zo su duba, wani ya taɓa damtse, wani ya buɗe baki ya leƙa haƙora, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa. Wanda ya yi kwantai a mayar da shi jirgi, sai tasha ta gaba.

Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, ƙagaggun labaran da aka gina kan wannan tarihi sun iya bayyana azabar yaro, amma sukan kauce wa tambayar da ta fi nauyi: da wace hujja aka raba shi da danginsa? Masana tarihi sun daɗe da tabbatar da cewa da yawa daga cikin yaran suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya fitar da su titi, ba mutuwa ba. Brace kansa bai ɓoye ra'ayinsa ba. Littafinsa na 1872 sunansa The Dangerous Classes of New York, wato yana kallon talakawan birni, akasarinsu baƙi daga Ailan da Jamus, a matsayin haɗari ga al'umma. A ganinsa, nesanta yaro da gidansu shi ne maganin.

Littafin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Orphan Train na Christina Baker Kline, wanda ya fito a 2013. Niamh, yarinya 'yar Ailan, ta rasa mahaifinta da 'yan'uwanta maza a gobara a Niyok, aka tura ta Minnesota a 1929. Gida na farko ya mayar da ita mai ɗinki ba albashi, ya kuma sauya mata suna zuwa Dorothy. Na biyu ƙazanta ne da yunwa da cin zarafi. A na uku, wajen wasu masu kanti, ta samu sauƙi, ta zama Vivian. Kline ta ƙware wajen nuna yadda ake goge asalin yaro ta hanyar sauya masa suna, kuma ta yi dabara da ta haɗa tsohuwa Vivian mai shekara 91 da Molly, budurwa mai jinin ƙabilar Penobscot da ke yawon gidajen riƙo a jihar Maine a 2011. Amma a duba aikin da gobarar ta yi wa tsarin labarin. Da ta tashi, an wanke ƙungiyar daga zargi tun kafin jirgi ya motsa, domin ba wanda zai ce a bar yarinya a kango. Daga nan hankalin mai karatu ya koma kan masu karɓa: wannan gida azzalumai ne, wancan mutanen kirki. Siyasar da aka tsara a ofis ta rikiɗe ta zama sa'a da rashin sa'a.

Mai karatun Hausa ya san wannan zubi sarai. Labaranmu cike suke da 'yar riƙo da ke shan wuya a hannun muguwar matar kawu, kuma da wuya marubuci ya tsaya ya tuhumi ranar da aka yanke shawarar ba da ita. Sai dai riƙonmu, duk da aibinsa, yawanci a cikin dangi ake yinsa, yaro ya san ƙofar gidan ubansa. Shirin Brace kuwa nisan ne ginshiƙinsa.

Abin mamaki, littattafan yara sun fi ƙarfin hali a nan. A cikin A Family Apart na Joan Lowery Nixon, na 1987, uwar yaran gidan Kelly su shida tana raye. Bazawara ce da ta kasa ciyar da su, ta miƙa su da hannunta, kuma yaran suka tafi Missouri da fushinta a zuciya. Babbar, Frances, har ta yi shigar maza don kada a raba ta da ƙaramin ƙaninta. Haka ma Train to Somewhere na Eve Bunting, na 1996, inda Marianne ke leƙen kowace tasha ko za ta hango uwar da ta ajiye ta da alkawarin dawowa. Wannan ya fi kusa da gaskiyar tarihi. Duk da haka, su ma sun ɗora nauyin a kan zuciyar uwa, suka mayar da abin sadaukarwa, ba su tambayi me ya sa kuɗin tikiti da na rakiya ba su zama kuɗin hayar ɗaki ba.

Za a iya cewa ba aikin mai ƙaga labari ba ne ya yi shari'a, kuma shirin ya ceci wasu. Gaskiya ne. Andrew Burke da John Brady, waɗanda aka kai Indiana a 1859, sun zama gwamnoni, ɗaya a Dakota ta Arewa, ɗaya a Alaska, kuma titunan Niyok na lokacin ba wurin renon yaro ba ne. Amma zaɓen wanda za a ba da labarinsa shi kansa hukunci ne. Cocin Katolika ya zargi Brace da kai 'ya'yan mabiyansa gidajen Furotesta don a sauya musu aƙida, abin da ya sa gidan jarirai na New York Foundling, wanda mata masu hidimar cocin suka kafa a 1869, ya riƙa tura nasa jiragen zuwa iyalan da aka riga aka zaɓa. A 1904 suka kai yara kusan 40, akasari 'yan asalin Ailan, garuruwan haƙar tagulla na Clifton da Morenci a Arizona, suka damƙa su ga iyalai Katolika 'yan asalin Meziko. Fararen garin suka fito da bindigogi suka ƙwace wasu daga cikinsu, kotu kuma ta bar musu su. Masaniyar tarihi Linda Gordon ce ta yi wa wannan al'amari cikakken littafi a 1999. Zubin mugun gida da gidan kirki ba zai iya ɗaukar irin wannan labari ba, don kowane ɓangare yana rantsuwa cewa ceton yaran ya zo yi.

Hatta mutanen zamanin sun ga ɓarakar. Taron da Shugaba Theodore Roosevelt ya kira a fadar White House a 1909 ya yanke cewa talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da gidansu ba, kuma a 1911 jihar Illinois ta fara biyan iyaye mata tallafi don su riƙe 'ya'yansu. Ke nan lokacin da Kline ta saka Niamh a jirgi, shekara 20 ke nan da Amurka ta furta da bakinta cewa akwai wata hanyar, kuma wannan muhawara ba ta samu gurbin kirki a littafin ba.