Tarihin Babban Hoton Daji da Duwatsu: Watkins da Adams

Duk wanda ya taɓa ba da ƙaramin hoto a faɗaɗa masa ya san aibin da ido bai gani ba a ƙarami shi ke fara bayyana a babba. Ƙwayar ƙura ta kan zama dutse, ɗan rawar hannu ya zama hazo. Tarihin masu ɗaukar hoton daji da duwatsu a Amurka ya nuna hanya biyu da aka bi don tsere wa wannan.

Ta fari ita ce ta Carleton Watkins. A zamaninsa ba kasafai a kan faɗaɗa hoto ba. Takarda a ke shimfiɗawa ƙarƙashin gilashin da ya kama surar, a sa a rana, watau girman hoto daidai da girman gilashi. Saboda haka cikin 1861 ya sa aka ƙera masa kyamara mai cin gilashi na inci 18 da 22, ya ɗora kaya bisa alfadarai, ya shiga kwarin Yosemite a Kalifoniya. Kowane gilashi sai an shafe shi da magani nan take, a ɗauka, a wanke cikin tanti tun bai bushe ba. Ya komo da manyan gilasai 30. Hotunansa na cikin abin da ya jawo hankalin hukuma, har Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar kare kwarin cikin 1864.

Ta biyu ita ce ta Ansel Adams, wanda ya zo bayan na'urar faɗaɗawa ta yaɗu. Wajen 1940 shi da Fred Archer suka tsara yadda za a kasa haske mataki-mataki, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, domin mai ɗauka ya san inda kowace inuwa za ta faɗi a takarda tun bai danna ba. Amma fa ko shi bai kan samu yadda ya ke so kullum ba. Hotonsa na fitowar wata bisa ƙauyen Hernandez, a New Mexico, cikin gaggawa ya ɗauke shi a 1941, rana na faɗuwa, sai gindin fim ɗin ya fito da rauni. Cikin 1948 ya ƙarfafa wannan sashe da magani, sa'an nan a ɗakin duhu ya riƙa ƙara wa sararin sama haske, yana tare sauran, har ya zama kusan baƙi. Da hannunsa ya wanke hoton nan fiye da sau 1,300.

Yau kwamfuta ta gaji ɗakin duhu, amma ƙa'idar ba ta sake ba. Gyara ya kan fito da abin da ke ɓoye cikin hoto. Abin da kyamara ba ta kama ba kuwa, faɗaɗawa ba ta iya kawo shi.