Kakalaba: yunwar da ta biyo bayan jirgin ƙasa

Mai karatu, in kai ɗan wajen Bichi ne ko Ɗambatta, wataƙila ka taɓa jin tsofaffi na cewa "tun shekarar Kakalaba". Sunan yunwar 1913 zuwa 1914 ke nan, zamanin Sarkin Kano Abbas.

Daminar 1913 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, gero da dawa suka bushe a gona. To amma fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, an sha Banga-banga tun wajen 1855. Me ya sa wannan ta kashe dubban mutane, musamman a arewacin Kano?

Duba abin da ya gabace ta. Turawa sun ci Kano a 1903, sannu a hankali haraji ya koma na tsabar kuɗi. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Manomin da dagaci ke jira a ƙofar gida dole ya nemo kuɗi: ko ya ba gyaɗa wani yanki na gonarsa, ko ya sayar da hatsi da kaka, lokacin da yake araha. A karkarar da gona ke manne da gona, ba daji mai yawa da za a faɗa, rumbun tsimi shi ne garkuwa. Shi aka raunana. Michael Watts ya bi wannan zare a littafinsa Silent Violence na 1983, kuma ni dai hujjarsa ta gamsar da ni, ko da yake ba na raina girman farin kansa.

Da bazarar 1914 rumbuna sun ƙare, ga mutanen Damagaram na kwararowa kudu. Aka koma kan tafasa da yaɗiya, har gidan tururuwa ake tonawa a kwashe tsabar da ta tara. Agajin gwamnati kuwa ya makara.

Yanzu ka ɗauki yaro ɗan shekara biyu a irin wannan gida. Cikinsa ƙarami ne, ganye na cika shi ba tare da ba shi ƙarfin da jiki mai girma ke nema ba. An yaye shi, sai kunu tsararo. Jiki ya fara cin naman kansa, garkuwarsa ta faɗi, gudawa ko ƙyanda su ƙarasa aikin. Shi ya sa a yawancin yunwa cuta ce ke ɗauke yara kafin yunwar kanta. Wanda ya rayu ma, sau da yawa a tsumbure yake tashi.

Likitocin lokacin ba su ma gama gane tamowa mai kumburi ba. Sai a 1933 Cicely Williams ta bayyana ta a ƙasar da ake kira Gana yau, bayan shekara biyu ta sa mata sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko: ciwon yaron da aka yi wa ƙane.