Tarihin Lamuni da Auna Mai Cin Bashi a Ƙasar Dakoro

Garin Dakoro, wanda Turawan Faransa suka mai da shi mazaunin mulki a 1947, yana arewacin jihar Maraɗi ne, a daidai inda gonakin gero ke ƙarewa ƙasar kiwo ta fara, kusa da kwarin Tarka da kuma iyakar noma da dokar 1961 ta shata domin kare makiyaya. A irin wannan wuri, inda damina ɗaya ke iya yi wa mutum arziki ta gaba kuma ta kwashe, kusan babu sana'ar da ke tafiya ba da bashi ba, don haka tun kafin zuwan banki jama'a suka samar wa kansu hanyoyin gane wanda za a lamunce wa da wanda za a yi kaffa-kaffa da shi. Lamuni a nan yana nufin tsayawar wani a madadin mai cin bashi, ko kuma yardar da mai kaya ke yi ya saki kayansa kafin ya ga kuɗi, kuma tarihinsa a wannan ƙasa ya nuna cewa abin da ake aunawa tun da daɗewa shi ne tsawon hulɗa da yadda mutum ya fita daga hulɗar da ta gabata.

A kasuwar dabbobi wannan awo ya fi fitowa fili. Makiyayi ko bafatake yakan sauka gidan maigidansa, wato mutumin gari da ke ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan aka sayar da shanu bashi. Dillali kuwa, wanda ladansa ake kira la'ada, jarinsa na gaskiya shi ne sanin kowane mai saye, nawa ake bin sa, wa ya biya a kan lokaci, wa kuma ya taɓa ɓuya ranar kasuwa. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda Hausawa masu gidaje ke sayar wa mahautan Yarbawa shanun arewa bashi ba tare da wata takarda ba, suna dogaro da labarin da suke tarawa kullum game da halin kowane mahauci. A cikin wannan tsari, baƙon da ya shekara goma yana sauka gida ɗaya yana da daraja wadda sabon zuwa ba shi da ita komai yawan shanunsa, kuma wanda aka san shi da canza maigida duk bayan ƴan kasuwanni, yau nan gobe can, yana bin inda aka fi rage masa la'ada, yakan wayi gari babu mai tsaya masa a ranar da ciniki ya juya masa baya.

Fulanin arewacin Dakoro, musamman Woɗaaɓe na wajajen Bermo, suna da nasu tsarin da ake kira haɓɓanaye, inda mutum ke ba ɗan'uwansa ko amininsa aron karsana, ta zauna wurinsa har ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe maruƙan ya mayar da uwar. Yadda ya kula da saniyar aro, da irin yanayin da ya mayar da ita, su ne ke yanke ko zai sake samun wata, kuma bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 garkuna da yawa ta wannan hanya suka farfaɗo. Manomi kuwa bashinsa ya fi ɗaci, domin idan rumbu ya ƙare a tsakiyar damina yakan karɓi hatsi ko kuɗi wurin ɗan kasuwa da sharaɗin biya da kaka, lokacin da farashin tiya ya faɗi, har Hausawan Nijar suka raɗa wa irin wannan rance suna “a ci ba daɗi”.

Cinikin gyaɗa ya shigo da wani sabon tsani. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da ke Maraɗi sukan ba amintattun ƴan kasuwa kuɗi tun kafin kaka su sayo musu gyaɗa, su kuma su rarraba wa barorinsu da ke shiga ƙauyuka, ta yadda kowane mataki yana lamunce wa na ƙasa da shi. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa manyan attajiran garin da dama daga barantaka suka taso, kuma abin da ake kira arzikin mutane, wato yawan waɗanda mutum zai iya damƙa wa dukiya su dawo da ita, shi ne ginshiƙin arzikin kuɗi. Dakoro tana bakin yankin gyaɗa ne, saboda haka rabonta a wannan ciniki bai kai na kudancin jihar ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnati ta so ta maye gurbin ɗan kasuwa da hukuma. An kafa bankin raya ƙasa na BDRN a 1961, da UNCC, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar rance da gama-kai, a 1962, sannan asusun rancen noma na CNCA a 1967, inda aka ɗora wa ƙauye gaba ɗaya lamunin bashin ƴaƴansa. Tsarin ya raunana saboda fari da faɗuwar gyaɗa, amma akwai wani dalili da bai kamata a raina ba, shi ne cewa jami'in da ake canzawa duk bayan ƴan shekaru ba ya riƙe tarihin kowa a kansa, kuma manomi ya lura cewa wanda ya biya da wanda ya ƙi biya ba su da bambanci a idon hukuma. CNCA ta durƙushe a shekarun 1980, aka rufe BDRN a 1990 bisa nauyin basussukan da ba su dawo ba. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, wanda ya ginu a kan adashi: mata suna zubi kowane mako, suna ranta wa juna daga asusun, su raba abin da aka tara a ƙarshen zagaye. Nasararsa, wadda ta kai shi ƙasashe da dama, ta samo asali ne daga mayar da awon amana hannun waɗanda suka san juna.

A Amurka irin wannan sani ne aka mai da shi rubutu, daga baya kuma lamba. Lewis Tappan ya buɗe ofishin tattara labarin ƴan kasuwa a New York a 1841, katin bashi na BankAmericard ya fito a 1958, kuma a 1989 kamfanin Fair Isaac ya fitar da makin FICO, lamba tsakanin 300 da 850 da ke nuna yiwuwar mutum ya biya abin da ya ranta. Kashi 35 cikin ɗari na makin yana fitowa daga tarihin biya, 30 daga nauyin bashin da ke kan mutum, 15 daga tsawon tarihinsa, 10 daga sababbin rance, 10 kuma daga ire-iren bashin da yake riƙe da su. Da bankuna suka fara jan jama'a da katuna masu tukuici, wato masu mayar wa mai sayayya wani ɗan kaso na kuɗinsa ko ba shi makin tikitin jirgi, sai aka samu masu buɗe kati don cin tukuicin maraba su rufe shi su nemi wani. Kowace buɗewa tana jawo binciken da ke zama shekara biyu a rajistar bashin mutum, tana kuma rage matsakaicin shekarun asusun mutum; rufewa kuwa tana rage iyakar da aka yarje masa, ta yadda mai katuna biyu na dala 5,000 kowanne da ake bin sa 2,000, idan ya rufe ɗaya, nauyinsa ya tashi daga kashi 20 zuwa kashi 40 ba tare da ya ƙara cin ko sisi ba. Asusun da aka rufe lafiya yakan ci gaba da bayyana har kusan shekara goma, saboda haka illar ba ta zuwa gaba ɗaya. Duk dillalin da ya san hukuncin mai yawan canza maigida zai gane wannan lissafi ba sai an yi masa dogon bayani ba, ko da yake lamba ba ta tambayar dalili, alhali dillali yana bambanta wanda fari ya karya da wanda ya ci amana da gangan.

Katin bashi irin na Amurka bai zama ruwan dare a Nijar ba, domin yawancin katunan da bankuna ke bayarwa na cire abin da mutum ya ajiye ne, amma rajistar bashi ta riga ta iso. Babban bankin BCEAO ya amince wa kamfanin Creditinfo VoLo ya gudanar da ofishin bayanan bashi na ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, wanda ya fara aiki a 2016, inda bankuna da cibiyoyin ƙananan rance ke aika tarihin abokan hulɗarsu, su kuma duba shi kafin su ba da sabon rance. Amfaninsa shi ne mai biya da kyau yana iya ɗaukar shaidarsa daga Dakoro zuwa Yamai, abin da a da sai da wasiƙar maigida ko rakiyar wani sananne. Sai dai rajistar tana ganin abin da ya bi ta ƙofar banki ne kawai, don haka dillalin da ya shekara talatin yana lamunce wa cinikin shanu na miliyoyin sefa, da uwar adashin da ba ta taɓa tsallake zubi ba, duk suna shiga cikinta a matsayin waɗanda ba su da tarihi, yayin da ƙaramin ma'aikacin da ya karɓi rancen albashi bara yake da shafi cike.