Filin Wasa na Ƙofar Mata da Kuɗin Talakawa: Waiwaye Daga Ƙasar Madobi

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba tarihin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mallakar gwamnatin jihar Kano, ta fuskar manomin Madobi da maƙwabtansa na Kura da Bunkure. Tambayar da ake son amsawa ita ce: shin ya dace a riƙa ɗaukar kuɗin jama'ar jiha baki ɗaya ana kashewa a kan filin da ke tsakiyar birni, alhali da yawa daga masu biyan kuɗin ba su taɓa shiga cikinsa ba?

Fage Kafin Zuwan Filin Gwamnati

A al'adar Hausawa wasa ba ya cin kuɗin hukuma. Idan kaka ta yi, an kawar da amfanin gona, sai a share fage a dandali ko a bakin kasuwa, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito, makaɗa su zuga su. Wanda wasa ya burge shi ne yake yin kari daga aljihunsa. Wato mai kallo shi ne mai biya.

Kuɗin jama'a kuwa hanyarsu daban. Tun zamanin Sarkin Kano Abbas aka kafa Baitulmali, inda harajin kai da jangali suke taruwa daga gundumomi. Da irin waɗannan kuɗaɗe En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Mutanen karkara ne suka fi yawa a cikin masu biya, amma birni ne ya fi morar aikin. Wannan ƙorafi yana cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ta riƙa yaɗawa, kuma a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Sai dai biyan bai ƙare ba, kama ya sauya. Tun 1994 ake karɓar harajin kayan masarufi, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Haka kuma kason da jiha take samu daga asusun tarayya haƙƙin kowane ɗan jiha ne. Saboda haka manomin Madobi yana da ta cewa.

Abin da Karkara Ta Gani

Mutanen wannan yanki sun san aikin gwamnati da yake mayar da kuɗinsa. A mulkin Gwamna Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, aka jawo ruwanta ta magudanai zuwa Kadawa da filayen Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi aikin. An tsara kashin farko zai shayar da kimanin hekta 22,000. Ƙasar da a da take zama fayau da rani ta koma fitar da shinkafa da alkama da albasa da tumatir, har kasuwar Kwanar Gafan ta yi suna, matasan da suka saba fita cin rani suka sami abin yi a gida. Da wannan ma'auni mutumin karkara yake auna kowane gini na gwamnati: me yake haifarwa a kowace shekara?

Tarihin Filin

An buɗe filin Ƙofar Mata a 1998, shekarar da Janar Sani Abacha ya rasu, domin gasar ƙwallon ƙafa ta matasan duniya da Nijeriya ta karɓi baƙuncinta a watan Afrilu na 1999. A shekarar 2000 Kano da Legas su ne biranen Nijeriya biyu da aka buga gasar cin kofin Afirka a cikinsu, inda Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso suka yi wasannin rukuninsu a wannan fili. A 2009 kuma ya karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 16,000.

Waɗannan manyan gasanni uku, idan aka haɗa kwanakinsu, ba su wuce 'yan makonni ba. Abin da ya raya filin a sauran shekarun shi ne ƙungiyar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku. Ɗaya daga cikinsu ta WRECA ce, hukumar ruwa ta jiha mai gina madatsu, abin da ke nuna cewa ƙwallo da ruwa daga asusu ɗaya suka fito tun farko. Masu Gida sun ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sun fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, kuma sun shafe fiye da shekara goma ba a ci su a gida ba a gasar ƙasa. A nan Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, filin ya zama wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna na wani lokaci.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu goyon baya suna cewa ba kowane amfani ake aunawa da buhu ba. Filin ya fitar da sunan Kano, ya haɗa ɗan birni da ɗan ƙauye da mazaunin Sabon Gari a inuwa ɗaya, kuma masu talla da masu abin hawa suna samun ciniki ranar wasa. Babu ɗan kasuwar da zai gina irinsa da kuɗinsa, domin kuɗin ƙofa ba za su mayar masa da jari ba.

Masu suka kuwa a kan wannan magana ta ƙarshe suke tsayawa. Tunda ƙungiyar ta gwamnati ce, filin ma nata ne, to albashin 'yan wasa da gyaran ciyawa da fitilu duk a wuyan jiha suke, shekara bayan shekara. Suna kafa hujja da filin ƙasa na Surulere a Legas, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 1973, aka bar shi ya lalace bayan an gina na Abuja domin wasannin 2003. A ƙasashen waje ma birnin Montreal na Kanada sai a 2006 ya gama biyan bashin wasannin Olamfik na 1976.

Amma adalci shi ne a faɗi cewa rashin kula ba filin wasa kaɗai ya shafa ba. Magudanan Kadawa su ma sun cushe da yashi da kachala, sai da aka ci bashin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING aka gyara su. A nan ne aka ƙarfafa ƙungiyoyin masu shan ruwa, manomi ya riƙa biyan kuɗin ruwa domin kula da magudanar da ke shayar da gonarsa.

Akwai kuma darasi daga Nijar. Tun 1975 ake gasar kokawa ta cin takobi, kuma zagayawa take yi tsakanin jihohi, daga Maraɗi zuwa Damagaram zuwa Tawa da sauransu, kowace da filinta. Ta haka kowane yanki yake ganin rabonsa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa filin Ƙofar Mata ya ci sunansa na dukiyar jama'a ne saboda ana amfani da shi a kai a kai, ba saboda manyan gasanni uku ba. Ya dace gwamnati ta ci gaba da mallakarsa. Sai dai ƙa'idar da aka ɗora wa manomin Kura ita ta kamata a ɗora wa filin: jama'a su gina, masu mora su ɗauki nauyin kula. Kuɗin ƙofa da na talla da na haya su shiga asusun da za a riƙa bayyanawa kowace shekara, a yi gyara da su. Abin da jiha ta ware wa wasanni kuma a raba shi har ya kai ƙananan hukumomi 44, domin yaron Madobi ya sami fili mai katanga da zai buga ƙwallo ko ya yi kokawa a garinsu.