Giwar da Ta Zama Bishof: Tarihin Ƙarshen Wasan Ches Mai Wuya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dara a gindin bishiya a Rano ko Kibiya ya san inda wasa ke yin zafi: lokacin da 'ya'ya suka ragu. Gurbi 30 ne, kowa ya fara da 'ya'ya 12, amma a ƙarshe taku ɗaya na ganganci ya isa ya rusa komai. To, haka abin yake a ches, musamman idan bishof da ƙananan sojoji kaɗai suka rage tare da sarakuna.

Ches ya samo asali ne a Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranji. Har Borno ya iso, inda ake ce masa tsatsarandi, kamar yadda Baturen mulkin mallaka C. K. Meek ya rubuta a 1934. A shaɗaranji babu bishof, akwai fil, wato giwa. Giwar nan tana tsallaka gida biyu ne a karkace, kuma cikin gidaje 64 na allo, 8 kacal take iya takawa.

Wajen 1475, a Sifaniya, aka sauya dokar. Giwa ta sami damar tafiya a karkace iya nisan da hanya ta buɗe, Turawan Ingila kuma suka kira ta bishof. Sai dai ta zo da gadonta: wanda ya fara a farin gida ba zai taɓa taka baƙi ba. Gidaje 32 nasa ne, sauran 32 sai kallo.

Daga nan wahalar ta taso. Idan bishof ɗinka na farin gida ne, na abokin karawarka na baƙi, ba za su taɓa haɗuwa ba. Sai ya jera sarkinsa da bishof a baƙaƙen gidaje ya tare hanya. Ko ka fi shi soja ɗaya, wani lokaci har biyu, sau da yawa canjaras ake tashi.

A 1998, a gasar Linares ta Sifaniya, Alexei Shirov ya faɗa wannan hali a karawarsa da Veselin Topalov na Bulgeriya. Shirov na da sojoji 4, Topalov na da 2, bishof ɗinsu kuma launi daban. Sojojin Shirov biyu, na a4 da na d5, suna neman isa ƙarshen allo su zama sarauniya, amma sai da rakiyar sarki. Matsalar ita ce bishof ɗinsa na zaune a f5, daidai inda sarkin zai bi. In ya janye shi haka kawai, sarkin Topalov zai riga shi zuwa tsakiya, shi ke nan an rufe ƙofa.

Me ya yi? A taku na 47 ya kai bishof ɗin h3, bakin sojan Topalov, kyauta. Topalov ya ci. Amma cin nan ya ɗauke masa taku ɗaya, kuma takun nan ne Shirov ke nema. Sarkinsa ya bi ta f5 ya isa e4, ya ci gaba da kutsawa. Bishof ɗin Topalov ya rasa wanda zai tsare tsakanin sojoji biyun, ga nisa a tsakaninsu. Bayan taku na 53 Topalov ya sallama. Har yau masana da dama na sa wannan taku cikin mafi kyau a tarihin ches.

Ka ga ke nan, Shirov bai ƙirga abin da ke hannunsa ba, ya ƙirga takun da kowane sarki ke buƙata kafin ya isa e4. Bishof a lissafin 'yan ches ya kai darajar sojoji 3, amma a ranar taku ɗaya ya fi shi tsada. In ka tarar da irin wannan ƙarshe a allonka, fara duba launin gidan da sojanka zai sauka, sannan ka ƙirga takun sarakunan biyu kafin ka taɓa komai.